Tsatsa Ta Addabi Garmata da Amalanke da Injin Ban-ruwa, Mene Ne Magani?

Tambaya: Wani manomi daga ƙasar Daura ya ce yana da garmar shanu biyu, da amalanke, da injin ban-ruwa da yake aikin lambu da shi da rani, sai ƙananan kaya irin su fartanya da lauje da adda. Duk shekara in ya ɗauko su gab da faɗuwar damina sai ya tarar sun yi ja wur, notuna sun ƙi kwancewa, bara ma injin ƙin juyawa ya yi. Yana shafa musu baƙin mai, ya kuma taɓa yi wa amalanken fenti amma bai shekara ba ya ɓare. Yana son sanin yadda ake cire tsatsar da ta riga ta kama, da yadda za a hana ta dawowa.

Amsa: Malam, Allah ya amfana noma. Mu fara da abin da idonka ya sha gani. Ranar da kake tsakiyar huɗa, in ka ɗaga garma ka dubi bakinta za ka gan shi fari tas yana sheƙi, domin rairayin jigawar nan tamu ya fi kowace samfefa iya goge ƙarfe. Ɓarnar tana farawa ne daga yammacin da aka kwance shanu, aka jingine garmar a gindin katanga da taɓo a jikinta, aka ce sai gobe, goben kuma ta zama wata takwas. Tun shekarun 1920 aka fara gwada noma da shanu a ƙasar Daura, amma har yau wannan jinginewar ta fi aikin gona cinye garemani.

Tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin a lokaci ɗaya. Iska ba mu da yadda za mu yi da ita, saboda haka dabarar duka ita ce raba ƙarfe da ruwa. Ruwan kuma ba sai na sama ba. Raɓar asuba ta isa, laimar ƙasa ta isa, har danshin da ke cikin iska in ya haura kamar kashi 60 cikin 100 yakan kwanta a jikin ƙarfe ba tare da ido ya gani ba. Mu a nan Allah ya yi mana sauƙi. Da hunturu zuwa farkon bazara danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20, ƙarfe mai tsabta zai yi watanni a fili ko gezau. Lokacin da ake fargaba shi ne Yuni zuwa farkon Oktoba, musamman markar Agusta. In ka ga kayan mutum na ruɓewa a Daura kamar a Fatakwal yake zaune, to akwai abin da ya bari a jikinsu.

Na farko taɓo, wanda ke riƙe ruwa kwana da kwanaki bayan ko'ina ya bushe. Na biyu kashi da fitsarin shanu. Na uku, wanda ya fi su mugunta kuma mutane ba sa zarginsa, shi ne takin zamani. Yuriya tana zuƙar ruwa daga iska da zarar danshi ya haura kashi 70 da 'yan kai, shi ya sa buhun da aka buɗe a damina kan jiƙe ya dunƙule. Kamfa kuma, wato takin NPK, akwai gishirin fotash a cikinta mai ɗauke da sinadarin kulorayid, shi ne dai abin da ke sa ruwan teku cin jirage. Garin taki kaɗan da ya zube a lungun amalanke zai jawo wa kansa ruwa ko ba a yi ruwan sama ba, ya zauna yana haƙa rami. Amalanken da ya ɗauko taki daga kasuwa ba a wanke shi a ranar ba, an riga an shuka masa tsatsa.

Ita kuma tsatsa in ta kama ba ta tsayawa da kanta. Jikinta soso ne, tana shan ruwa ta riƙe wa ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Sannan ta fi ƙarfen da ta ci girma, ninki biyu har zuwa shida. Wannan kumburin ne ke ɗaure noti a jikin ƙusa, shi ne kuma ke ture fenti daga ƙasa har ya yi bororo ya fashe.

Kafin ka taɓa komai ka san irin wadda kake fama da ita. Akwai ja-ja ta sama, mai kama yatsa kamar garin jan ƙasa, in ka kankare da wuƙa ƙarfe ya fito sumul. Wannan ba ciwo ba ce. In a bakin garma ko fartanya take ma kada ka wahalar da kanka, kunya goma a jigawa sun share ta. Akwai mai ɓamɓarowa kamar ɓawon itace, in ka ɗaye ta ka tarar da ramuka irin na zanzana. Wannan ta ci nama, amma ana ceto. Sai wadda ta cinye. Ɗauki ƙaramar guduma ka bi ƙarfen da ƙwanƙwasa: lafiyayye yana amsawa ƙarau, ruɓaɓɓe kuwa ɗif yake yi kamar ka bugi itace. Inda ya yi ɗif ka danna sukundireba da ƙarfi, in ta shige to wurin ya wuce gogewa, sai dai yanka da walda.

Aikin cirewa yana farawa da wanki. A wanke taɓo da ruwa da omo, a cire tsohon giris da kananzir, a shanya ya bushe ƙayau. Wanda ya tsallake wannan zai ga burushi yana ta yaɗa maiƙo a kan ƙarfen, daga baya fenti ya ƙi kamawa. Sai a fasa manyan ɓamɓaroki da guduma da cizal, a bi da burushin waya, a bi da samfefa mai kaushi, lamba 60 ko 80, a ƙarasa da lamba 120. Babban kaya irin firam ɗin amalanke ya fi sauƙi a kai wa mai walda ya bi shi da injin gurza mai kan waya, aikin yini biyu ya koma na awa biyu. Amma a sa tabarau, domin wayoyin kan tsinke su yi tsalle kamar allura, kuma a rufe hanci. A lura kada a danne injin a wuri ɗaya a bakin adda ko gatari har ƙarfen ya yi shuɗi. In ya yi shuɗi shayarwar maƙeri ta tafi, bakin ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Kayan kaifi magagari da dutsen washi sun fi musu.

Wani abu a gefe, tunda hannu zai yi ta cuɗanya da tsohon ƙarfe. Ba tsatsar ce ke kawo ciwon sarƙewar haƙora ba, ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take zama, kayan gona kuwa cikinsu suke kwana. In ƙarfe ya soke ka da zurfi ka wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ka je asibiti a ranar a duba maganar allurar rigakafi. Kada a zuba wa ciwon baƙin mai ko ruwan batir.

Ƙananan kaya masu lungu, irin su sarƙa da notuna da sifanu da almakashi, jiƙawa ta fi musu gogewa. Ruwan khal, wato binega ta kanti, ana zuba ta yadda take ba a sirka ba, a nutsa kayan a robar da za ta rufe su, awa 12 zuwa 24. Garin tsamin nan da masu haɗa lemo da zoɓo ke saye, sitirik asid, ya fi ta arha da ƙarfi: giram 50 zuwa 100 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, daga yamma zuwa safe ya gama. In babu ko ɗaya, tsamiya tana yi. A jiƙa kilo ɗaya a lita uku ko huɗu na ruwan zafi, a dama a tace, sai dai ita tana ɗaukar kwana biyu zuwa uku, kuma kullum a ciro kayan a goge da burushi a mayar. Ko da wanne aka yi, kada a manta da kayan a ciki mako guda, domin tsami in ya gama da tsatsa kan ƙarfen yake komawa.

Abin da ke biyo bayan cirowa shi ne inda akasari ake faɗuwa. Ƙarfen zai fito toka-toka, tsirara, da ragowar tsami a ramukansa. A ɗauraye shi da ruwa, a tsoma shi minti goma a ruwan kanwa ko na bekin soda, babban cokali biyu a lita ɗaya, don a kashe tsamin, a sake ɗaurayewa, a goge da tsumma a baza a rana mai zafi. Da ya bushe a shafa mai nan take. In aka ce bari a ci abinci tukuna, kafin a dawo ya sake yin rawaya-rawaya, domin ƙarfen da aka tuɓe a minti kaɗan yake fara sabuwar tsatsa.

Ruwan batir da asid ɗin wankin tayil kuwa ka yi nesa da su. Gaskiya ne suna cin tsatsa a minti biyar, shi ya sa ake ruɗuwa da su. Amma na tayil yana barin kulorayid a ƙasan ramuka, ko an yi fenti tsatsar za ta taso daga ciki, kuma tururinsa kaɗai kan sa duk ƙarfen da ke cikin ɗakin ya yi ja. Sannan kowane asid, har mai saukin ma, yana sa taurararren ƙarfe ya yi gautsi. Sifirin, da ƙusoshi masu ƙarfi, da faifan haro na tarakta, in sun daɗe a ciki sai su karye rana ɗaya ba gargaɗi. Haka ƙarfe mai rufin zinki, irin bututun ruwa da kwanon rufi, tsami yana tuɓe masa rigar da ke kare shi.

Wanda ke da cajar batirin mota, ko faifan sola na bolt 12, yana da wata hanya da ba ta cin ƙarfe ko kaɗan. A samu durom na roba a cika da ruwa, a narka sodar wanki kamar giram 10 a kowace lita. In babu ita, a soya bekin soda a busasshiyar tukunya har ta daina hucin ruwa, ta zama sodar wanki ke nan. A rataye kayan da waya a tsakiya, a jera guntayen rodi a gefe-gefe a haɗa su da waya, kada su taɓa kayan. Baƙar wayar caja a jikin kayan, jar waya a jikin rodi. In aka juya, kayan ne zai narke rodin ya yi fes. Da an kunna za a ga ƙananan kumfa na tashi, cikin awa 6 zuwa kwana ɗaya tsatsar ta koma baƙin daskare mai fita da burushi. A yi shi a fili, ba sigari ba wuta kusa, domin kumfan iskar haidurojin ce mai kamawa. Kada a sa gishiri a madadin soda, kada kuma a sa farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa a madadin rodi, dukansu guba suke fitarwa.

Inda burushi ba ya kaiwa ƙasan ramuka a babban kaya, akwai ruwan da masu fenti ke sayarwa mai juya tsatsa, galibi na fosforik asid ko na tanin. Ana shafa shi bayan an kankare ɓamɓaroki, ya mayar da jar tsatsar baƙa mai tauri, a bar shi kwana ɗaya sannan a yi fenti. Wannan sirrin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Tanin shi ne abin da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, haɗuwarsa da ƙarfe kuma ita ce ke ba dukawa baƙin rininsu. Dafaffen ruwan bagaruwa mai kauri in aka shafa a kan siririyar tsatsa sau biyu ko uku zai baƙanta ta haka nan. Amma shi kaɗai ba kariya ba ne, sai an bi da mai ko fenti.

Notin da ya ƙi, kada a fara masa da ƙarfi. A goge haƙoran ƙusar da suka leƙo waje da burushi, a ɗiga man kwance noti na gwangwani, in babu a haɗa kananzir da man inji rabi da rabi, a bar shi ya kwana. Da safe a tokare gefe ɗaya na notin da babbar guduma a bubbuga ɗaya gefen da ƙarama, girgizar tana fasa tsatsar da ke ciki. A yi amfani da sifana mai zobe daidai lambarsa, domin mai buɗaɗɗen baki shi ke cinye kusurwar noti. A fara ɗaurewa kaɗan tukuna, sannan a kwance, in ya motsa a riƙa kai da kawowa ana ƙara mai. In ya ƙi, wuta: a gasa notin kaɗai, ba ƙusar ba, ya buɗe ya saki. Sai dai ba a kai wuta kusa da tankin mai, ko taya, ko boris, ko sil, wato robar da ke hana mai ko ruwa yoyo. In duk ya faskara a yanke shi, noti bai kai darajar yini guda ba. Wajen sayen sabo a dubi kan tsohuwar ƙusar, in an rubuta 8.8 a nemi irinta, kada a maye ta da mai laushi marar lamba a wurin da ke ɗaukar nauyi. Ƙusoshin bakin garma kuma masu lafaffen kai ne da murabba'in wuya, in aka sa masu tudun kai za su riƙa tara ƙasa. Duk ƙusar da za a mayar a shafa wa haƙoranta giris, baɗi da hannu ɗaya za ta kwance.

Yanzu fentinka da ya ɓare. Ba na shakka ɗaya daga cikin abu uku ne, ko duka: an shafa shi a kan tsatsa, ko a kan ragowar baƙin mai, ko an yi mai sheƙi kai tsaye ba a sa na ƙasa ba. Mai da fenti ba sa zama wuri ɗaya, firam ɗin da aka saba shafa wa baƙin mai sai an wanke shi da kananzir, a bi da omo, a ƙarasa da tsumma mai tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, har tsumman ya daina baƙi. Bayan gogewa, a ranar, a shafa jan fentin nan na ƙasa da masu walda ke yi wa ƙofofi, red oksaid. Shafa biyu marasa kauri, da kwana ɗaya a tsakaninsu. Na farkon a sirka shi da tina kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma, don ya shiga ramuka. Kafin a bi faɗin jiki a fara bin gefuna da kusurwoyi da layin walda da kan ƙusoshi da ƙaramin burushi, domin nan fenti ke yin siriri kuma nan tsatsa ke fara ɓullowa. Sannan fentin mai, mai sheƙi, shi ma sau biyu. Mutane da yawa na tsayawa a jan, suna ganin an gama. Jan nan shi kaɗai ruwa na ratsa shi, damina ɗaya ko biyu ya zama gari. Lita ɗaya tana rufe kamar murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, saboda haka lita ɗaya ta ja da lita ɗaya ta mai sheƙi sun ishi amalanke da garemani biyu.

Lokacin yin fenti ma yana da nasa hukunci. Mafi kyau bayan an kai amfanin gona gida, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, laima ta tafi hazo bai yi ƙarfi ba. A yi da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, a inuwa. Ƙarfen da rana ta gasa har hannu ba ya iya daɗewa a kansa, fenti kan bushe masa a sama cikinsa ɗanye, ya yi yamutsa. In ana ƙura a yayyafa ruwa a ƙasan wurin. A ba shi mako guda kafin a ɗora kaya. Mai jira sai hadarin farko ya haɗo a watan Mayu sannan ya tuna da garma, gaggawa za ta sa shi yin abin da ka yi.

Ba ko'ina ake fenti ba. Bakin garma da fukafukanta, da fuskar fartanya, da faifan haro, mai suke so, domin fenti a nan yana sa ƙasa manne wa garma shanu su wahala, kuma yini ɗaya ya goge. Baƙin man da kake shafawa ba laifi ba ne a nan, ya fi babu nesa ba kusa ba, amma yana da iyaka. Ruwa-ruwa ne, zafin bazara na sa shi tsiyayewa, kuma akwai tsami da dattin inji a cikinsa. In za a ajiye na watanni, a dama giris gwangwani ɗaya da man dizal gwangwani biyu ko uku, a shafa da burushi, dizal ɗin ya bushe ya bar giris a manne. Dizal shi kaɗai mako biyu ya tashi. Don ƙananan kaya na yau da kullum, a cika bokiti da busasshen rairayi a juye masa rabin lita na mai a cakuɗa, a ajiye a bakin zaure. Duk wanda ya dawo gona ya kankare ƙasa ya caccaka fartanya a ciki sau huɗu ko biyar, ta gogu ta kuma sha mai a lokaci ɗaya. Amma duk abin da ke taɓa abinci ko harawa, lauje da wuƙa da cikin injin casa ko na niƙa, kada baƙin mai ya kusance shi, akwai guba a cikinsa. Waɗannan man kaɗe ko man gyaɗa siriri ya ishe su, a goge kafin a fara aiki, a kuma rataye su inda ɓera ba zai biyo ƙanshin ba.

Amalanke ta inda ba a gani yake mutuwa. Ƙarƙashin katako, inda ya kwanta a kan ƙarfe, ruwa da garin taki na shiga ba sa fita. In ana gyara a ɗaga katakan a yi wa wurin fenti, ko a shafa kwalta, kafin a mayar. Bututun da aka yi sandar ja da shi kuma daga ciki yake ruɓewa, wajensa lafiya lau. A huda masa rami na milimita 6 a wuri mafi gangare don ruwa ya fita, a ɗura mai ta sama a jujjuya. A ajiye amalanke da ɗan karkata, kada ruwa ya kwanta a cikinsa. Boris ɗin taya a wanke da kananzir a cika da sabon giris sau ɗaya a shekara, da kuma duk lokacin da aka ratsa ruwa mai zurfi.

Injin ban-ruwa shi lissafinsa a juye yake, domin da rani yake aiki, a damina yake hutawa, daidai lokacin da laima ta fi yawa. Masu lambu a bakin madatsun Sabke da Daberam da Jibiya da Ajiwa duk sun san wannan ciwon. Gangar jikin famfon alminiyom ce, amma fankar da ke tura ruwa da kwanon da take juyawa a ciki galibi ƙarfen zubi ne, tazarar da ke tsakaninsu kuma 'yar kaɗan ce. In aka ajiye shi da ruwa a ciki, tsatsa ta kumbura ta cike tazarar, igiya ta ƙi jawuwa. Wannan ne ya sami naka. Kada ka ja da ƙarfi. Kwance murfin gaba, ka ɗiga kananzir da mai, ka kankare tsatsar, ka juya fankar da hannu a hankali, ka duba sil ɗin bayanta ko ya fashe. Ranar ajiyewa kuma a tura masa ruwa mai tsabta minti biyu ya wanke laka, a kwance murfin zubar da ruwa na ƙasa, a karkata shi ya tsiyaye, a bar bakunan a buɗe a rana yini guda, sannan a fesa ɗan mai ciki. A tsiyaye fetur daga tanki da kafireto, a canza man inji, a cire fulogi a zuba ƙaramin cokali ɗaya na mai a ramin, a ja igiya a hankali sau uku a mayar da fulogi, sannan a sake ja har a ji ta yi tauri a tsaya nan. A wannan matsayin bawul duka a rufe suke, iska mai laima ba ta shiga. Duk wata a je a ɗan ja igiyar. In cikin tankin ya riga ya yi tsatsa, a cire shi a zuba notuna tafin hannu ɗaya da kananzir, a girgiza sosai, a ɗauraye har ya fito fes, in ba haka ba garin zai yi ta toshe kafireto. Ƙusoshin ƙarfe da ke shiga jikin alminiyom su ma a shafa musu giris, domin ƙarfe biyu mabambanta in laima ta haɗa su ɗaya na cin ɗaya, su manne da wani farin gari.

Mai injin feshi ya ɗauraye shi sau uku bayan kowane aiki, kuma kada a dama ko a kwanar da maganin ciyawa mai gilaifoset a bokitin ƙarfe ko mai rufin zinki, yana cin su yana fitar da iska mai kama wuta. Mai tarakta kuma ya daina cika lagireto da ruwan rijiya zalla, ya sa ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, ya cika tankin dizal kafin dogon hutu, ya kifa gwangwani a bakin salansa, ya shafa giris a sandunan haidirolik da suka rage a waje, ya wanke mazaunin batir da ruwan bekin soda.

Wurin ajiya ba sai gini ba. Rumfar kara ko ta kwano mai buɗaɗɗen gefe ta isa, muddin kayan ba sa taɓa ƙasa. A ɗora garma a kan duwatsu ko guntun bulo, ƙananan kaya a rataye. Abin da ke ƙasa gara ma na hawa ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ci ƙota ta bar wa ƙarfe laima. Kada a naɗe kaya da leda ko tamfol har ƙasa, da dare gumi ke taruwa a ciki ya yi ta ɗiga, gara a bar shi a fili da wannan. In dole sai tamfol, a rufe sama a bar gefe iska na wucewa. Gindin darbejiya ma ba wurin ajiya ba ne, ganye na taruwa a lungu ya ruɓe. A nisanta da turken shanu, kuma ko da wasa kada a haɗa ƙarfe da buhunan taki a sito ɗaya.

Saura wanda ya riga ya cinye. Ƙarfen da ke ɗaukar nauyi, sandar jan amalanke ko ƙarfen da tayoyi ke juyawa a kansa ko ƙugiyar sarƙar garma, in kaurinsa ya ragu da kamar kashi ɗaya cikin uku, ko ka ga tsaga kusa da walda, a sauya shi, kada a jira ya karye a kan hanya da buhu goma da yaro a sama. In za a yi faci, mai walda ya yanke ruɓaɓɓen har ya kai lafiyayye, ya gurje santimita biyu ko uku a kowane gefe har ya yi fari, domin waldar da aka ɗora a kan tsatsa cike take da ƙofofi kamar saƙar zuma. Facin da aka lulluɓa a kan rami ba a yanke ba kuwa aljihun ruwa aka yi, in dole ne a zagaye shi da walda kaf ba a bar kafa ba. Layin walda shi ke fara tsatsa, a kankare ƙurar da ke kansa a shafa masa jan fenti da zarar ya huce. Bakin garmar da ya cinye maƙeri zai ƙera wani daga sifirin mota ko tsohon faifan haro. Tankin fetur da ya huje da durom ɗin da ya taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi kuwa, ko an wanke su sau goma kada a kai musu wutar walda, tururin da ya rage a ciki yana fashewa. Tankin ƙaramin inji ana samun sabo a wurin masu kayan gyara, a sayo a ɗaura.